KEDCO: Tarihin kamfanin wutar Kano da rabon mutanen ƙarshen layi

Kafin ƙwan lantarki ɗaya ya kama a wani zaure a Zurgu, wutar da ta kunna shi ta sha tafiyar ɗaruruwan kilomitoci. Ko dai ruwan Kainji da Jebba da Shiroro ne ya juya injinan da suka haifar da ita, ko kuma iskar gas a tashoshin Kudu irin su Egbin ta Legas. Manyan layuka masu ƙarfin bolt dubu 330 ne ke ɗauko ta zuwa Mando a Kaduna, daga can su miƙo ta Kumbotso. A Kumbotso ake rage mata ƙarfi zuwa dubu 132, a raba wa tashoshi irin su Ɗan Agundi da Dakata da Tamburawa da Kwanar Dangora. Duk wannan zangon yana hannun TCN, kamfanin gwamnatin tarayya mai dakon wuta. Sai an sake sauke ta zuwa bolt dubu 33 sannan take shiga hannun Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Kano, wato KEDCO, wanda zai bi da ita kan turaku, ta gonaki da fadamu da tsakanin duwatsu, har ta isa taransifomar gari.

KEDCO ba shi ne ke samar da wutar da ke kan babban layin ƙasa ba. Sarowa yake ya sayar. Yankinsa jihohi uku ne, Kano da Katsina da Jigawa, hedikwatarsa tana kan titin Niger a birnin Kano, kuma kason da tsarin rabo na ƙasa ya yanka masa kashi 8 ne cikin ɗari na abin da aka samar. Idan aka tuna cewa ƙasar gaba ɗaya ta daɗe tana jujjuyawa tsakanin megawat dubu huɗu zuwa dubu biyar, za a ga abin da ke isowa jihohin nan uku bai wuce megawat ɗari uku da 'yan kai ba a rana mai kyau. A cikin wannan ɗan kason masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa za su ɗiba, asibitoci da jami'o'i da barikoki su ɗiba, unguwannin birni su ɗiba. Abin da ya yi saura shi ake turawa Rano da Kibiya da ƙauyukansu.

An saba ba da tarihin kamfanin nan daga sama: wa ya saya, nawa ya biya, wane banki ya ƙwace. Za mu bi ta nan ɗin, domin dole ne. Amma a ganina ma'aunin da ya fi faɗin gaskiya yana can ƙarshen layi, a mazaɓu irin su Zurgu da Saji da Lausu da Rurum a Rano, ko Tarai da Durba da Fassi a Kibiya. Mutanen nan sun daɗe suna biyan kuɗin wutar Kano, tun kafin su taɓa ganinta.

Wutar En'e

Legas ce ta fara ganin lantarki a Najeriya a ƙarshen ƙarni na 19, da wasu ƙananan injina da Turawan mulkin mallaka suka kafa don haskaka gidajensu da ofisoshinsu. A Arewa kuwa, masu haƙar kuza a Jos ne suka fara da ƙarfi, inda kamfanin NESCO ya soma samar da wuta da ruwan Kurra a 1929. Ta Kano daban take. Ba gwamnatin Legas ce ta kawo ta ba, ba kuma kamfanin Turawa ba. En'e ce ta yi, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a farkon shekarun 1930, lokacin da aka haɗa aikin ruwan famfo da na lantarki wuri guda a Challawa. Katsina ta bi sahu ba da jimawa ba, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko.

Kuɗin aikin daga Baitulmali ya fito. Baitulmali kuwa haraji da jangali ne ke cika shi, waɗanda hakimai da dagatai da masu unguwanni ke tarawa daga kowane lungu na ƙasar Kano. Rano a lokacin gunduma ce ƙarƙashin Kano. Wato manomin gyaɗa na kudancin Kano da makiyayin da aka ƙirga wa shanu suna da hannun jari a fitilar farko da ta haska birni, alhali su da aci-balbal suka ci gaba da kwana na tsawon shekaru masu yawa bayan haka. Ba na faɗin wannan don a zargi magabata. Injinan ƙanana ne, kuma babu ƙasar da ta fara lantarki daga ƙauye. Na faɗa ne don a san bashin tsoho ne.

A 1950 aka yi dokar kafa Hukumar Lantarki ta Najeriya, ECN, ta fara aiki a 1951, ta kuma karɓe tashoshin gwamnati da na En'e-En'en Kano da Katsina da Ibadan da Abeokuta. Tun daga nan ikon wutar Kano ya bar Kano. A 1962 aka kafa wata hukumar ta madatsun Kogin Neja, wadda ta gina Kainji, aka kammala a 1968. Shekaru huɗu bayan haka, a 1972, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta haɗe hukumomin biyu suka zama NEPA. Jebba ta zo a tsakiyar shekarun 1980, Shiroro a 1990.

Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1970 da farkon 1980 suna tuna Kano mai jiniyar masana'antu, masaƙu da majemu da kamfanonin man gyaɗa da na alewa da na robobi, ma'aikata na canjin aiki dare da rana. Matasa da yawa daga kudancin Kano a can suke cin rani. Daga baya abin ya fara zamewa. Jama'a na ƙaruwa, gine-gine na ƙaruwa, amma bayan Shiroro aka shafe shekaru kusan goma ba a ƙara wata babbar tashar kirki ba, waɗanda ke akwai kuma ba sa samun gyara. Ba wuta kaɗai ta kashe masaƙun Kano ba, akwai fasa-ƙwaurin atamfa da faɗuwar darajar naira, amma duk mai masana'antar da ya rufe ƙofa zai sa kuɗin baƙin mai da na gas a sahun farko na abin da ya karya shi.

Yadda waya ta shiga ƙauye

NEPA ba ta taɓa ɗaukar kai wuta ƙauye a matsayin babban aikinta ba. Gwamnatocin jihohi ne suka ɗauki wannan nauyin, ta hannun hukumominsu na kai lantarki karkara, irin wadda Kano take da ita. Daga baya gwamnatin tarayya ta shigo da nata shirye-shiryen, har da hukumar raya karkara ta DFRRI ta zamanin Janar Babangida a 1986, sannan ƙananan hukumomi, sannan 'yan majalisa da ayyukan mazaɓu. Tsarin kusan ɗaya ne: gwamnati ta kafa turaku, ta ja waya, ta ajiye taransifoma, a yi bikin kunnawa, sannan a miƙa wa NEPA ta riƙa ba da wuta tana karɓar kuɗi.

A nan aka shuka matsalar da ake girba yau. Wanda ya gina layin ba shi zai kula da shi ba, wanda aka miƙa wa kuma bai zuba ko kwabo ba, bai kuma ga riba a ciki ba. An ja layuka masu tsawon gaske, wani ya bi garuruwa goma ko fiye, da turakun katako da gara ke ci, da waya mai arha. Da iskar farkon damina ta kada, turke ɗaya ya faɗi a cikin daji, duk garuruwan da ke bayansa sun shiga duhu, kuma sai an bi layin a ƙafa ko a babur kafin a gano inda ya tsinke. A wasu wuraren an kafa turakun ne gab da zaɓe, wayar ba ta taɓa ɗaukar wuta ba har ɓarayi suka kwashe ta.

Da gyara ya gagara daga sama, sai ya dawo kan jama'a. Duk wanda ya zauna a karkarar Kano ya san yadda ake yi. Taransifoma ta ƙone, mai unguwa ya tara mutane bayan sallar isha'i, a kafa kwamiti, a yanka wa kowane gida abin da zai kawo, mai injin niƙa da mai walda su ba da kaso mafi tsoka, a aika wa 'yan garin da ke aiki a birni. Da kuɗin karo-karon nan ake sayen man taransifoma da fis da waya, wani lokacin har da kuɗin motar da za ta ɗauke ta zuwa wajen naɗi. Dokokin NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar lantarki, sun fito fili sun ce sayen taransifoma da turaku da gyaransu nauyin kamfani ne, ba na mai shan wuta ba. Amma mutumin da garinsa ya yi wata huɗu a duhu ba ya tsayawa jiran doka. Kayan da jama'a suka saya da guminsu kuwa, da zarar an ɗaura su a kan layi, sun shiga cikin dukiyar kamfani.

Ranar da aka sayar

A watan Maris na 2005 Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa hannu a dokar sake fasalin harkar lantarki. Dokar ta rushe NEPA, ta kafa PHCN a matsayin kamfanin riƙon ƙwarya, ta kafa NERC don sa ido da yanka farashi, ta kuma kafa hukumar kai lantarki karkara ta tarayya, REA. Aka datsa tsohuwar NEPA gida 18: kamfanoni 6 na samar da wuta, 1 na dakonta, 11 na rarrabawa. KEDCO ɗaya ne daga cikin sha ɗayan nan.

Sayarwar ta ɗauki shekaru takwas. Gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta ja birki, ta Goodluck Jonathan ta ɗauko zancen daga 2010, kuma ranar 1 ga Nuwamba, 2013 aka miƙa kamfanonin ga waɗanda suka saya. Na Kano ya faɗa hannun Sahelian Power, wanda ya karɓi kashi 60 cikin ɗari a kan kusan dala miliyan 137, gwamnati ta riƙe kashi 40. Dokta Jamil Isyaku Gwamna ne ya jagoranci kamfanin a wannan zangon.

An yi wa jama'a alkawarin abin da ya faru da wayar tarho: 'yan kasuwa za su shigo da kuɗi, su sa wa kowa mita, su rage asara, wuta ta wadata. Dalilan da suka hana hakan faruwa ba ɓoyayyu ba ne. Na farko, akasarin waɗanda suka sayi kamfanonin rarrabawa a faɗin ƙasar da bashin banki suka saya, bashin dala, a lokacin da dala ɗaya take wajen naira 160. Su kuwa da naira suke karɓar kuɗin wuta. Kafin ƙarshen 2016 dala ta haura naira 300 a farashin gwamnati, bashin ya ninka ba tare da an ƙara ko turke ɗaya ba. Kuɗin da ya kamata ya tafi ga sabunta layuka ya tafi ga kuɗin ruwa.

Na biyu, sun sayi layukan da ba su san haƙiƙanin halin da suke ciki ba. Wuta na zubewa a tsofaffin wayoyi, ana satarta ta hanyar zagaye mita da rataya waya da dare, sannan wani kaso mai yawa na wadda aka rubuta wa bil ba a biya. Cikin manyan masu riƙe kuɗin har da ma'aikatu da hukumomin gwamnati. Na uku, gwamnati ta riƙe farashi ƙasa da abin da ake kashewa, ta ce za ta cike giɓin, ba ta kuma cikewa a kan lokaci. Babban Bankin Najeriya ya zuba tallafin rancen naira biliyan 213 a harkar tun daga 2014, amma ramin ya fi ƙarfinsa. Kamfanin rarrabawa bai biya na samarwa ba, na samarwa bai biya mai gas ba, mai gas ya rage abin da yake turawa, wuta ta ƙara raguwa.

A watan Yuli na 2022 tura ta kai bango. Bankin Fidelity, wanda ya ba da rancen sayen, ya karɓe hannun jarin da aka jingina masa a kamfanonin Kano da Benin da Kaduna, da amincewar NERC da hukumar sayar da kadarorin gwamnati ta BPE. Aka rushe hukumar daraktocin KEDCO, aka naɗa Ahmad Dangana ya riƙe. A ƙarshen 2023 wani sabon mai zuba jari, Future Energies Africa, ya karɓi ragamar. Cikin shekaru goma kamfanin ya ga iyayen gida uku. Mutumin Zurgu bai ga wani bambanci ba, ko sunan da ke saman takardar bil ma bai sauya ba tun 2013.

Rukunin da aka ajiye ƙauye

Akwai wani sauyi da ya fi sayarwar kanta tasiri a kan karkara, kuma ba a cika tattauna shi da Hausa ba. A 2020 NERC ta kawo tsarin biyan kuɗi gwargwadon awoyin wuta. Aka kasa layuka rukuni biyar. Rukunin A zai samu aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Ranar 3 ga Afrilu, 2024 aka ɗaga farashin rukunin A daga wajen naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauto da shi zuwa ɗari biyu da 'yan kai. Sauran rukunan aka bar su a tsohon farashi, gwamnati na biyan tallafi.

A takarda wannan kamar sauƙi ne ga talaka, tunda nasa farashin bai tashi ba. Sai dai a duba shi ta idon ɗan kasuwa. Kana da yunit ɗaya a hannu. Idan ka tura shi Bompai za ka karɓi sama da naira ɗari biyu daga masana'anta mai mita wadda ke biya ta banki. Idan ka tura shi dogon layin da ke ratsa ƙauyuka, wani sashe zai zube a hanya, abin da ya isa za ka sayar da shi ƙasa da sulusin wancan farashin, sannan sai ka tura ma'aikaci ya bi gida-gida. Ƙari a kan haka, NERC na hukunta kamfanin da ya gaza cika awoyin rukunin A. To ranar da Kumbotso ta ce a rage lodi, wane layi za a fara kashewa? Ba sai manajan ya zama mugu ba. Lissafin da aka ɗora shi a kai ne ke nuna masa makunnin ƙauye.

Layukan karkara kusan duk a rukunan ƙasa suke, kuma ko awa huɗun da aka rubuta ba kullum ake gani ba. Idan an kawo, sau da yawa tsakar dare ce, lokacin da birni ya yi barci. Mata su tashi su jona waya da tocila, mai firji ya yi addu'ar ta kai asuba. Wani lokacin kuma ta zo ba ƙarfi, ƙwai ya yi ja, fanka ta riƙa juyi da ƙyar, injin niƙa ba zai ko motsa ba. Mai niƙa da mai casar shinkafa da mai walda ba za su tsara sana'a a kan wutar ƙarfe biyun dare ba, don haka suka koma kan injin gas da janareta. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa dubu. Wannan ƙarin yana cikin kuɗin niƙan kowane kwanon masara, da kuɗin cajin waya, da ƙanƙarar da ake kawowa daga nesa da azumi. Mutumin da aka ce an bar masa wuta mai arha shi ne a zahiri yake sayen makamashi mafi tsada a jihar.

Sai batun bil. Har zuwa 2024 fiye da rabin masu rajistar shan wuta a Najeriya ba su da mita, kuma yankin KEDCO na cikin waɗanda suka fi ƙarancinta. An yi shirin MAP a 2018 wanda mutum zai sayi mita da kuɗinsa, an yi na rabon mita kyauta a 2020, amma mafi yawansu a birane suka tsaya. Ƙauye ya ci gaba da bil na ƙiyasi, wasu garuruwan ma bil guda ake kawo wa gari sukutum, kwamiti ya rarraba. NERC ta sa iyaka ga ƙiyasin tun 2020, sai dai mutum nawa ne a Kibiya ya san iyakar layinsu? Abin da ake ji a bakin mutane bai wuce wannan ba: wutar da ba mu sha ba, ta yaya za mu biya? Ma'aikacin kamfani kuma ya ce garin da ba ya biya, da wane kuɗi za a gyara masa layi? Kowanne yana da gaskiyarsa, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Kamfani na iya zuwa da tsani ya yanke gari guda, har da waɗanda suka biya. Shi ke da ikon auna abin da ya bayar, don haka shi ya kamata ya fara.

Dole kuma a faɗa wa jama'a tasu. Masu kwance wayar tagulla da zuƙe man taransifoma ba daga sama suke faɗowa ba, kuma akwai mai saye. Ma'aikacin da aka tura yanka ko gyara ɗan wani ne, sau da yawa ɗan kwantiragi mai ƙaramin albashi da ke hawa turke ba cikakkun kayan kariya. Dukansa ko ƙwace masa tsani bai taɓa dawo da wuta ba.

Oktoban 2024

Abin da ya faru a watan Oktoba na 2024 ya nuna iyakar KEDCO ko da a ce ya gyara halinsa gaba ɗaya. An lalata layin Shiroro zuwa Mando a yankin da 'yan bindiga suka hana injiniyoyi shiga. Aka koma dogaro da layin da ke tasowa daga Ugwuaji ta Enugu ya biyo Apir ta Makurɗi zuwa Jos. Ranar 21 ga wata shi ma ya faɗi. Kano da Katsina da Jigawa da mafi yawan jihohin Arewa suka yi sama da mako guda cikin duhu. Injinan casar shinkafa suka tsaya, ruwan leda ya yi tsada, asibitoci suka koma kan gas. A wannan shekarar kaɗai babban layin ƙasa ya durƙushe fiye da sau goma.

Jihar da ta fi kowace yawan jama'a a Arewa ba ta da babbar tashar samar da wuta ko ɗaya. Bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614, daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yuni na 2020, shi ake fatan zai sauya wannan. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da ke shan wuta ta layin Katsina zuwa Gazawa, sun riga mu ɗanɗana haɗarin rataya a igiya ɗaya, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta na 2023 bayan juyin mulki, ba ta mayar ba sai Maris na 2024.

Tiga na nan kusa

Abin da ya fi ci wa mutumin Rano rai shi ne, ruwan da zai iya ba shi wuta yana maƙwabtaka da shi. Gwamna Audu Baƙo ya gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974 a kan Kogin Kano, tana riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Dubban mutane aka tasa daga gidaje da gonakinsu don tafkin ya samu wuri. Ruwan ya raya noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, ya kuma shayar da birni. An yi kusan shekara arba'in yana kwarara ba a sa masa injin lantarki ba, sai a zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu aka ba da aikin tashar megawat 10 a Tiga da wata a madatsar Challawa ta Ƙaraye, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ci gaba da shi. Amfanin da aka tsara wa wutar Tiga shi ne matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titunan birni. Buƙatu ne na gaske, babu mai musu. Amma ga waya za ta tashi daga bakin ƙofar mutanen da suka ba da ƙasarsu, ta wuce ta samansu zuwa birni. Megawat ɗaya ko biyu daga ciki zai isa ya riƙe asibitoci da injinan niƙa da famfunan garuruwa da dama na Rano da Kibiya da Bunkure da rana.

A da ana iya cewa doka ta ɗaure hannun jiha. Yanzu babu wannan uzurin. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi ikon samarwa da dako da rarraba wuta a cikin iyakokinsu, a watan Yuni kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki da ta maye gurbin ta 2005. Misalan abin da zai yiwu ma a Kano suke. Shagunan kasuwar Sabon Gari sun fara samun wutar sola tun 2018. Jami'ar Bayero ta buɗe tasharta mai megawat 7.1 a 2019. A Janairun 2023 aka buɗe ta megawat 10 a yankin Challawa. A Zawaciki kuwa an kafa ƙaramar tashar sola mai megawat ɗaya da ke aiki da layukan KEDCO, tana ba unguwa wuta da rana, babban layi ya karɓa idan yana da ita. Duk waɗannan a birni da kewayensa suke. Irin na Zawaciki shi ya fi dacewa da garin da ke da turaku da waya amma ba wuta, kuma dokokin NERC sun yarda a ƙulla yarjejeniya tsakanin al'umma da mai zuba jari da kamfanin rarrabawa.

Jama'a ma ba su zauna jira ba. Faifan sola ya hau rufin masallatai da shagunan caji da ɗakunan shan magani, manoman rani sun fara sauya injin fetur da famfon sola. Sai dai wannan mafita ce ta mai hali. Faifai biyu da batir ɗaya za su kunna fitila da fanka, ba za su juya injin casa ba, ba za su ɗauki walda ba, kuma sana'o'in nan su ne ke riƙe saurayi a garinsu. A Rano akwai makarantar fasahar karkara ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, wadda za ta iya yaye matasan da za su kula da irin waɗannan tashoshi idan an kafa su.

Abin da ake nema daga sababbin masu KEDCO ba mai yawa ba ne. Su sa mita a jikin kowace taransifomar ƙauye, a riƙa karanta ta a gaban kwamitin gari, kada bil ya wuce abin da ta nuna. Su liƙa rukunin kowane layi da awoyinsa da Hausa a ofisoshinsu, su kuma ba da wani sashe na awoyin da rana. Inda jama'a suka sayi kaya da kuɗinsu, a rubuta, a cire musu daga bil. Layin da kamfani ya san ba zai iya riƙewa ba, ya sake shi ga mai sola da zai iya. Gwamnatin Kano kuma ta ware wa garuruwan da ke kewaye da Tiga kasonsu a rubuce, 'yan majalisar yankin su bi zancen har ya tabbata. Masu unguwanni da kwamitocin wuta na Zurgu da maƙwabtanta su fara ajiye littafi: ranar da aka kawo, awa nawa ta yi, nawa aka tara, wa aka ba, ina rasit. Su kai kokensu a rubuce ofishin kamfani, idan ba a saurare su ba su wuce zauren sauraron ƙorafi na NERC da ke Kano, wanda doka ta buɗe wa kowane mai shan wuta, na birni da na ƙauye.